Gyaran Cikin Tsohuwar Motar Sifot: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Kai Ta Wurin Mai Kushin

Duk wanda ya daɗe a Legas, Ibadan, Benin ko Fatakwal ya san irin motocin nan gajeru masu ƙofa biyu, ƙirar shekarun 1990, da ake gani a ajiye a bayan gida ko gefen gareji an lulluɓe su da tamfol: Toyota Celica, Honda Prelude, BMW Z3, Mazda MX-5 da Marsandi SL. Su ake kira motocin sifot. A 'yan shekarun nan na lura wasu daga cikin 'yan uwanmu mazauna kudu, musamman matasan da Allah Ya buɗa wa a kasuwa, sun fara saye suna tayar da su. Inji ya tashi, an fesa fenti yana ƙyalli, amma kana buɗe ƙofa sai wari ya tarbe ka. Kujera ta yage, dashbod ya tsattsage, kafet ya yi fumfuna. Daga nan sai mutum ya zarce wurin mai kushin ya ce a canza masa komai da komai.

To, a nan ake tafka asarar kuɗi, wani lokaci ma har a jefa rai cikin haɗari. Domin a cikin motar ne aka ɓoye bel, jakar iska, wayoyi da ƙarafan da za su kare ka ranar da ba a fata. Zan ɗauki mota guda in yi misali da ita, wato Mercedes-Benz SL ƙirar R129, saboda ita na fi sani, kuma yawancin darussan da ke cikinta sun shafi sauran.

Wace mota ce R129?

An fara nuna ta a baje kolin motoci na birnin Jeniba a 1989, aka ci gaba da ƙera ta a Bremen ta ƙasar Jamus har 2001, an yi sama da guda 200,000. Bruno Sacco ne ya jagoranci zana ta. An gina ta ne a kan ƙasan W124, wadda mu a nan muka fi sani da Bi-but, sai dai an rage tsawonsa. Da farko ana rubuta sunanta 300 SL, 500 SL ko 600 SL, daga 1993 aka juya ya koma SL 320, SL 500 da sauransu. An yi mata kwaskwarima sau biyu, a 1995 da 1998, shi ya sa kayan cikin ta farko ba lallai su hau ta ƙarshe ba. Ka riƙe wannan kafin ka shiga kasuwa.

Abubuwa uku suka bambanta cikinta da na sauran motoci. Na ɗaya, bel ɗinta a jikin kujera yake, ba a jikin bangon mota ba, kuma ƙashin kujerar na ƙarfen magnesiyam ne. Na biyu, akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe kwance a bayan kujeru, wanda yake zabura ya miƙe tsaye cikin ƙasa da rabin daƙiƙa idan na'ura ta ji motar za ta kife, don ya kare kawunan mutanen ciki. Na uku, rufinta na yadi da man haidurolik yake buɗewa da rufewa, da silinda sama da goma a warwatse a jikin motar. Tana kuma zuwa da rufin alminiyam mai nauyin kimanin kilo 34 da ake ɗorawa a cire. Duk mai gyaran da bai san waɗannan abubuwa uku ba, ɓarnarsa za ta fi gyaransa yawa.

Fara da ruwa, kada ka fara da fata

A arewa rana da ƙura ne ke cinye mota. A kudu kuwa ruwa ne da laima. Damina a Legas tana kai watanni bakwai, ga ambaliya a tituna, ga iskar teku mai gishiri ga waɗanda ke kusa da gaɓa. Motar da rufinta na yadi ne kuma ta haura shekara 25, da wuya a ce ba ta yoyo ta wani wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka aikin farko shi ne a cire kujeru, a ɗaga kafet gaba ɗaya. Ƙarƙashin kafet ɗin Marsandi akwai soso mai kauri da ke shan ruwa ya riƙe. Sama za ka taɓa ka ji a bushe, ƙasa kuwa jagab. A duba ƙarfen ƙasa da kyau, musamman inda ake ɗaure kujeru. Tsatsar da ta tsaya a sama ana kankare ta a shafa maganin tsatsa da fenti. Wadda ta huda ƙarfe sai an yanke an yi waldar sabo. Kada ka yarda a cike ramin da fila a shafe, domin wurin ne ke riƙe kujera, kujerar kuma ita ke riƙe da bel.

Bayan haka a nemo ta inda ruwan ke shiga. Hanyar mai sauƙi ce: mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo a hankali, ya fara daga ƙasa yana hawa sama. Wuraren da aka fi kamawa su ne magudanar da ke ƙasan gilashin gaba idan ganye ya toshe ta, robobin gefen ƙofa da na rufi, bututun da ke fitar da ruwan esi, da ledar da ke manne a bayan murfin ƙofa, wadda masu gyaran gilashi kan yage su ƙi mayarwa.

A R129 akwai wani yoyo na daban. Silindan da ke kulle rufi suna saman gilashin gaba, daidai kan direba. Idan robobinsu suka tsufa, mai ne zai riƙa ɗiga a kan kujera da kafaɗar rigarka. Ka ga idan ka riga ka sa sabuwar fata, ka yi aikin banza ke nan. A gyara silindan tukuna.

Idan kuwa ka ga busasshen taɓo a lungunan ƙarƙashin dashbod, ko tsatsa a layin dogon kujera da kan kusoshi, akwai alamar motar ta taɓa nutsewa, ko a nan gida ko tun a Amurka kafin a yi gwanjonta. Irin wannan mota sai ka yi lissafi sosai kafin ka zuba mata kuɗi, don wayoyinta za su yi ta ba ka wahala.

Wayoyi da esi kafin a rufe

Tunda ciki yana buɗe, yanzu ne lokacin mai wayarin. Ya bi wayoyin da ke ƙarƙashin kafet ya cire duk wani ƙulle-ƙullen da masu motar na baya suka yi: tsohon ƙararrawar ɓarayi, wayar sifika da aka murɗa aka naɗe da salatif, da makamantansu. Marsandin farko zuwa tsakiyar shekarun 1990 suna da wata sananniyar matsala, robar da ta lulluɓe wayoyin inji tana bushewa ta riƙa marmashewa. Idan taka ta faɗo cikin waɗannan shekaru, a duba wannan kafin a yi maganar ado.

Haka ma esi. Tukunyar sanyinsa a can cikin dashbod take. Idan tana yoyon gas, sai an sauke dashbod kafin a kai gare ta. Gara a yi shi sau ɗaya, domin duk saukewa sai wata tsohuwar roba ta karye. Motocin shekarun farko da gas ɗin R12 suka zo, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya. Na baya kuma R134a suke sha. Mai da shi daga wannan zuwa wancan aiki ne da ke buƙatar canza mai da wasu robobi, ba ɗura sabon gas kawai ba. A kudu esi mai aiki shi ne babban maganin fumfuna, saboda yana tsotse laimar da ke cikin mota.

Kujera: inda rai yake

Na sha jin matasa suna cewa za su cire kujerun asali su sa irin na tsere masu zurfi. A Celica ko MX-5 ana iya yi, in dai an samu ƙafafun da aka ƙera don motar, aka ɗaure a ramukan asali da kusoshi masu ƙarfi. A R129 kuwa shawarata ita ce kada a yi. Ka cire kujerar, ka cire bel ke nan da na'urar da ke fizgo shi lokacin karo, kuma motar ba ta da ginshiƙin tsakiya da za a maƙala wani. Na taɓa ganin inda aka huda ƙasan mota aka ɗaura bel da ƙaramar kusa da wasa. Wannan bel na gaisuwa da jami'an hanya ne kawai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta ɗaura bel tun watan Janairun 2003, amma abin da ya fi tara muhimmanci shi ne bel ɗin ya riƙe ka in ta ɓaci.

Sannan ƙashin kujerar, kamar yadda na faɗa, magnesiyam ne. Mai waldar bakin titi ba shi da kayan aikinsa. Idan ya kama da wuta yana ci da farin haske mai tsanani, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. Ƙashin da ya tsage a nemi wata kujerar tokumbo a maye gurbinsa.

Game da kujerun tsere da ake tallatawa da sunan Recaro, kamfanin na gaske ne, na Jamus, tun 1965 yake fitar da kujerun sifot. Amma jabu sun cika kasuwa. Kujerar da aka ce sabuwa ce ta wannan kamfani amma kuɗinta bai kai na tayoyi biyu ba, kai ma ka san zancen. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi dacewa shi ne a sabunta kujerar asali. A nan sai ka sa ido kan abubuwa kamar haka. Soson kujerar mota a cikin mazubi ake zuba shi ya fito da siffarsa, ya fi na kujerar falo tauri. Idan gefen da direba ke gogawa wajen shiga ne ya lotse, a yanke wurin kawai a liƙa soso mai tauri a sassaƙa shi, kada a zubar da duka a cusa na katifa. A warware tsohuwar rigar kujerar a bi ɗinkinta a yanka sabuwa a kanta, ita ce ma'auni. A mayar da ƙananan ƙarafan da ke jan fata ciki su fito da layukan kujera. Idan aka yi ha'inci aka shafa gam kawai, bayan wata biyu fatar za ta saki ta yi jaka. Zaren ma a yi amfani da na roba mai kauri, domin na auduga ruɓewa yake yi a laima. Kuma a ƙirar ƙarshe-ƙarshe akwai wata siririyar na'ura a ƙarƙashin fatar kujerar fasinja da ke gane ko akwai mutum a zaune; a cire ta a hankali a mayar da ita yadda take.

Wace fata za a sa?

A nan ne nake samun tambaya mai daɗi daga 'yan uwa: tunda mu ne masu fata, me zai hana a ɗauko ta Kano ko Sakkwato a yi kujera da ita? Tambaya ce mai tushe. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin mafiya kyau a duniya. Ƙarni da ƙarni fatake suna ketare Sahara da ita, Turawa suna saye a tashoshin arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Amma aikinta daban ne.

Na farko girma. Fatar akuya ba ta cika wuce rabin murabba'in mita ba, ta sa kuwa tana kai huɗu zuwa biyar. Kujera tana son manyan yanka marasa haɗi. Na biyu jima. Majemanmu da bagaruwa suke jima, fatar ta fito da kyau da ƙamshi, amma tana shan ruwa da gumi, rana tana canza mata launi, rininta kuma yana iya zuba. Ka yi tunanin ka sa farar shadda ranar Juma'a ka zauna a kan jar fata cikin zafin Legas. Fatar mota kuwa ta sa ce, kaurinta kimanin milimita ɗaya, an jeme ta da sinadarai a masana'anta, an rufe fuskarta da wani shafi mai jure rana da goga. Yawancinta daga waje ake shigowa da ita, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne fatun shanunmu da yawa a tukunya suke ƙarewa a matsayin ganda.

Duk da haka akwai wurin da aikin dukawanmu zai shiga ya yi kyau: rigar sandar giya, murfin akwatin da ke tsakanin kujeru, jakar takardun mota, ko matashin baya da ake cirewa. Wuraren da rana ba ta duka sosai kuma in sun lalace canza su ba wuya. Ni a ganina wannan ɗan taɓi ya fi a cika mota da tambarin kamfanonin da ba su san da ita ba.

Idan aljihu bai kai fatar gaske ba, fatar roba mai kyau ba abin kunya ba ce. Ita kanta Mercedes ta daɗe tana sa irin tata mai suna MB-Tex a motocinta, kuma kowa ya san yadda take daɗewa. Abin gudu shi ne ta kujerun falo, mai siririyar fuska da ke ɓarewa kamar bawon albasa. Akwai kuma Alcantara, wani yadi mai laushi da wani masanin kamfanin Toray na Japan, Miyoshi Okamoto, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, ake yin sa a Italiya. Yana riƙe jiki, ba ya ɗaukar zafi kamar fata, amma yana shan gumi da maiƙo, kuma a motar da ake buɗe rufinta yana son kulawa sosai. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunansa a kasuwa kwaikwayo ne.

Kafin ka biya, karɓi ƙyalle ka gwada. Jiƙa farin tsumma ka goga da ƙarfi ka ga ko launi zai fita. Lanƙwasa shi sau da yawa ka ga ko fuskar za ta tsage. Ajiye shi a kan dashbod kwana uku a rana. Sannan a fili, nesa da mota da fetur, kusanta masa ashana ka ga yadda yake ci. A Amurka doka ta hana sa kayan cikin mota da wuta ke ci fiye da milimita 102 a minti ɗaya. Wanda ya kama bal-bal yana ɗiga, bar shi a shagon.

Maganar launi kuma, baƙi yana ɗaukar zafi, fari ba ya ɓoye datti. Ruwan ƙasa, ruwan toka ko ruwan madara sun fi dacewa da yanayinmu. Idan kana son launin asali, Mercedes tana da lambar launin ciki ga kowace mota, ana gano ta ta lambar shasi.

Sitiyari, dashbod da murfin ƙofa

Sitiyarin katako na Nardi ko na fata na Momo, duka 'yan Italiya, suna da kyau ƙwarai, kuma a motar da ba ta zo da jakar iska ba babu laifi a sa na gaske. Kamfanin Mazda da kansa, da ya fara shirin sabunta tsofaffin MX-5 a Japan a 2017, ya dawo da sitiyarin Nardi cikin kayan da ake sayarwa. Amma idan sitiyarinka na ɗauke da jakar iska, cire shi cire kariya ne. Gara a sake ɗinke masa fata a zagayensa a bar tsakiyar yadda take. Jabun sitiyari kuwa yana iya lanƙwashewa ko ya karye a hannunka.

Ga ƙa'ida: duk inda ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG, ba a rufe shi da fata, ba a shafa masa gam, ba a kafa masa kusa ko mariƙin waya. An raunana wurin da gangan don ya tsage jakar ta fito. Daga kwaskwarimar 1995, R129 tana da jakar iska a cikin ƙofofi ma, don haka mai ɗinke murfin ƙofa ya sani. Kafin a taɓa ɗaya daga cikinsu a cire kan batir, wanda a wannan mota yana cikin but, a jira 'yan mintuna. Ka tanadi lambar sirrin rediyo, domin zai nema bayan an mayar da wuta. In an gama aiki, murɗa makulli ka duba: fitilar SRS ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, wataƙila wani ya cire ƙwan ne don ya ɓoye matsala.

Dashbod a rana yana iya kaiwa wajen digiri 70, shi ya sa gam ɗin masu takalmi ba ya riƙe shi. Fatar za ta kumbura ta ɗago. Sai gam mai jure zafi. Kuma kada a sa abu mai ƙyalli ko mai haske a samansa, don zai riƙa haskawa a gilashi ya hana ka ganin hanya. Sau da yawa dashbod ɗin tokumbo mai lafiya ya fi wanda aka lulluɓe kyau da araha.

Katakon da ke tsakiya na gaske ne, amma siriri ne ƙwarai, an rufe shi da fanish mai kauri. Yawanci fanish ɗin ne ke tsagewa. Wanda ya iya zai cire shi a hankali ya sake zuba sabo. Wanda bai iya ba zai sa samfefa mai kaushi ya cinye katakon cikin minti biyu.

Kiɗa da fitilu

Ramin rediyon motocin wancan zamani faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 50. Akwai rediyoyin zamani masu Bluetooth da ke shiga wannan rami daidai, har da masu kama da na da. Babu dalilin yanka dashbod don a cusa babban allo. Abin da aka yanka ba ya dawowa, allon kuma shekara uku ya tsufa.

A R129 kada a kuskura a ɗora akwatin sifika ko wani abu a kan hanyar ƙarfen kariyar nan na bayan kujeru. Idan za a ƙara amfilifaya, wayar wutarsa ta zama ta jan ƙarfe zalla mai kauri, a sa mata fiyus kusa da batir, kuma duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Wayar da ba fiyus ita ce ke mayar da mota toka a tsakiyar go-sulo. Shimfiɗar rage ƙara kuma a sayi ta mota. Kwaltar liƙin kwano da wasu ke sawa narkewa take yi ta cika mota da wari. Fitilun ado na ciki a yi su kaɗan, marasa walƙiya. Gilashi mai duhu kuwa, doka ta ce sai da izinin 'yan sanda.

Kasuwa da mai aiki

Kayan tokumbo ana nemansu a Ladipo da ke Mushin a Legas, Agodi Gate a Ibadan, Uwelu a Benin, Ikoku a Fatakwal, Mgbuka Obosi kusa da Onitsha, da Nkwo Nnewi. Kasuwar fata ma akwai ta a Mushin. Tafi da tsohon abin a hannunka da lambar da ke jikinsa, a gwada a gabanka. Kayan SL ba su da yawa kamar na Bi-but, don haka kada ka jefar da komai, ko da ya karye. Wani lokaci biyu ake haɗawa a ta da ɗaya. Ka kula da kayan da aka ciro daga motocin Ingila ko Japan masu sitiyari a dama, dashbod ɗinsu da kafet ba za su hau taka ba. Mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu a hagu yake.

Wajen zaɓen mai aiki, kada ka tsaya kan hoton da ke wayarsa. Ce masa ya nuna maka motar da ya yi shekara guda da ta wuce. Ku rubuta yarjejeniya: irin fata, launi, zare, ranar gamawa, ku maƙala ƙyallen samfur kowa ya riƙe nasa. Biya kashi-kashi. Ya fara yin kujera ɗaya ka gani kafin ya yanka sauran. Ɗauki hoton komai kafin a kwance, a zuba kusoshi a leda a rubuta inda suka fito. Idan da Sallah kake son shiga da ita, fara da wata uku ko huɗu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk abin da ka cire na asali, rediyo ne ko kan giya, naɗe shi ka adana. Masu sayen tsofaffin motoci sun fi daraja wadda ke kusa da yadda ta fito daga kamfani. Gyaran da za a iya warwarewa a mayar da na da shi ne ba ya karya farashi.

Bayan an gama, kulawa ta rage gare ka. Ajiye ta a inuwa mai iska, kada ka ƙunshe ta da tamfol ɗin roba a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tayar da ita duk mako ka kunna esi na ɗan lokaci. Kada ka ninke rufin yadi yana jiƙe. Goge fata da tsumma mai ɗan danshi da sabulu marar ƙarfi, ka nisanta ta da fetur, kananzir da man gyaɗa. Idan ka hau da ita arewa lokacin hunturu, fatar da ta saba da laima za ta bushe da sauri, sai ka shafa mata man fata kafin tafiya da bayan dawowa.

Tsarin dai shi ne: ruwa da tsatsa, sai wayoyi da esi, sai kujera da bel, ado ya zo a ƙarshe. Idan kuɗin ba zai kai duka ba, tsaya a inda ya ƙare ka ci gaba da hawa da tsohuwar fata har Allah Ya hore. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu.